Yaya mutum zai tsara shekara biyar masu zuwa alhali farashi ba ya zama wuri ɗaya?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Maudu'in wannan makon daga ƙannenmu ya fito, sun yi ta turo shi ta bayan fage. Kowa yana da abin da yake so nan gaba: gidan kansa, aure, komawa makaranta, jari, aikin Hajji. Amma shekara tana ƙarewa mutum yana nan inda yake. Ga wanda ke zaune a Kaduna yau, da albashi ko da 'yar sana'a, ta ina zai fara? Muna son bayani mai lissafi, wanda mutum zai ɗauki biro ya bi.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ni dai ina ganin maganar shekara biyar ta masu hali ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wane lissafi ne bai rushe ba? Mafi ƙarancin albashi N70,000 ne, wasu ma ba sa samun hakan. Wanda bai san abin da zai bari a gida gobe ba, me zai rubuta a kan 2030?

Akanta na Malali:
Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce. Lissafin da ya rushe shi ne wanda aka yi da naira. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Mu ɗauka ma kashi 30 ce. Miliyan ɗaya da ka ajiye a asusu, bayan shekara ɗaya abin N770,000 za ta saya maka, bayan shekara uku kuwa ko rabin abin da take saye a da ba za ta iya ba. To duk wanda ya rubuta "zan tara miliyan biyar in yi gini" ya ɗaura wa kansa abin da ba zai cim masa ba, domin kafin ya tara biyar ɗin ginin ya koma goma.

A rubuta buri da kaya da wata. Maimakon "zan tara kuɗin gini", a ce "kafin ƙarshen Maris fili ya zama nawa da takarda, kafin Disamba bulo 1,200 suna tsaye a kansa". Maimakon "zan tara jari", a ce "keken ɗinki ɗaya da injin sufila kafin azumi". Kaya idan sun shigo hannu, tashin farashi ya daina cin su.

Amma kafin a kai nan akwai aikin da mutane ke tsallakewa. Ka samu takarda ka rubuta shekarunka na yau, da na matarka ko mijinki, da na kowane yaro, da na iyaye. A gefe ka ƙara wa kowa biyar. Nan take za ka ga abubuwan da ke tafe ko ka shirya ko ba ka shirya ba: yaron da ke da 12 zai kai lokacin JAMB, yarinyar da ke da 17 maganar kayan ɗaki za ta taso, mahaifin da ke da 65 zai kai 70, magani zai ƙaru. Waɗannan su ne farkon abin da za a sa a tsari, sannan abin da rai ke so ya biyo baya.

Anti Malama ta Unguwar Rimi:
Akanta ya kawo abin da nake son a fara da shi. Zan ƙara mataki ɗaya kafin lissafi. Da yawa ba su san abin da suke so ba, abin da suka gani a wurin wani suke so. Hanyar ganewa ita ce mutum ya rubuta yadda yake son wata ranar Talata ta kasance masa nan da shekara biyar, ranar aiki wadda ba biki ba salla. A wace unguwa ka tashi, gidan haya ne ko naka? Bayan asuba ina ka nufa, da me ka tafi, minti nawa a hanya? Wa yake ba ka umarni, ko kai ne mai bayarwa? Yara wace makaranta suka tafi? Da la'asar kana ina? Rabin shafi ya isa.

Idan aka yi wannan da gaskiya, sai ka ga wanda ke cewa mota yake so ashe abin da ke damunsa shi ne cunkoson da yake sha daga Rigasa zuwa cikin gari kullum, kuma matsowa kusa da wurin aiki zai fi mota sauƙi. Wata kuma za ta gane ba digiri take nema ba, abin da take so shi ne kuɗin da za ta riƙa taimakon mahaifiyarta ba tare da ta roƙi kowa ba.

Daga wannan shafin a fitar da buri uku, kada su wuce haka. A cikin ukun ma guda ɗaya tak zai zama mai cin kuɗi. Wanda ya haɗa gini da aure da digiri na biyu a shekara ɗaya, dukkansu rabi-rabi za su tsaya.

Ɗan Rigasa:
Anti na ji. Amma Malam yana nan, ya faɗa mana, wannan duk ba dogon buri ba ne? Wa ya san gawar fari?

Malam na Tudun Wada:
Allah ya yi maka albarka, tambayar tana kan hanya. Dogon burin da malamai suka zarga shi ne wanda ke sa mutum ya manta da mutuwa, ya yi ta jinkirta tuba da aikin alheri. Tanadi kuwa koyarwar annabawa ce. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tsarin shekara goma sha huɗu ya yi wa Masar: bakwai na noma da ajiya, a bar hatsin a zangarniyarsa, bakwai na fari. Kuma hadisin mai raƙumi sananne ne, aka ce masa ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Sharaɗin shi ne wanda ke cikin Suratul Kahfi, kada ka ce zan yi kaza gobe ba tare da in sha Allahu ba. Ka yi istihara, ka yi shawara da wanda ya san harkar, ka rubuta, ka kama aiki.

Ina kuma roƙon kada takardar ta zama ta kuɗi zalla. Ga misali mai lissafi irin na Akanta. Mus'hafin Madina shafi 604 ne. Wanda zai haddace rabin shafi a rana, kwana biyar a mako, ya bar Alhamis da Juma'a don tilawar baya, shafi biyu da rabi yake samu a mako, kuma zai kammala cikin ƙasa da shekara biyar. Abin da ke kayar da mutane shi ne su fara da shafi biyu a rana saboda zumuɗi, ba su ware ranar maimaici ba, sai a izu na biyar su tarar na farko ya zube. A sa wa abin lokaci tsayayye, kamar tsakanin asuba da fitowar rana, a samu wanda za a riƙa kai wa hadda duk mako.

Akanta na Malali:
Na gode Malam. Bari in sa adadi don Ɗan Rigasa ya ga yadda abin yake, kowa ya daidaita da nasa. Mu ce mai samun N150,000 a wata. Ranar da kuɗi suka shigo, ba ƙarshen wata ba, a cire N30,000 na buri zuwa wani asusu dabam wanda ba shi da katin cire kuɗi. A ware N15,000 na dangi da biki da suna da gaisuwa. Sauran N105,000 na gida.

Wannan N15,000 ɗin kada a raina shi. A wurinmu ba a cewa ɗan'uwa babu alhali akwai, kuma tsarin da bai ware wa zumunci kaso ba a wata na biyu yake mutuwa, domin daga kuɗin buri za a riƙa ɗiba. Idan an ware, mutum zai bayar da zuciya ɗaya, idan ya ƙare kuma ya ce sai wani watan ba tare da ya yi ƙarya ba.

Shekarar farko ba ta gini ba ce. Ta kuɗin ko-ta-kwana ce, wato abin da zai riƙe gida wata uku, N315,000 a wannan misalin, wanda zai ci wata goma sha ɗaya. Na san abin yana da ban haushi, amma duk wanda ya tsallake wannan, rashin lafiya ɗaya ce za ta sa ya sayar da filin da araha. Idan akwai bashi, musamman na waɗannan manhajojin waya, shi ma a kashe shi kafin komai.

Mai N70,000 kuwa, gaskiya burinsa na farko ba ajiya ba ne, ƙarin hanyar samu ce. Ko N3,000 ne ya riƙa cirewa don hannu ya saba, amma ƙarfinsa ya tafi wajen koyon abin da zai ƙara masa kuɗi.

Ɗan Panteka:
Wannan ta ƙarshen ita ce magana. Wanda zai koyi sana'a ya tsara ta kamar makaranta. Walda, gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, haɗa sola, aikin alminiyom, duk shekara biyu zuwa uku ne a gaban oga kafin hannu ya faɗa. Tun ranar farko a yi magana a gaban manya: shekara nawa, kwana nawa a mako, yaushe yaye. Rashin wannan ne ke sa yaro ya shekara shida ana aikensa sayen abinci. Kuma kada a jira sai an yaye kafin a sayi kayan aiki. Duk wata a sayi abu ɗaya, wannan watan mita, wancan injin huda, har ranar yaye akwatinka ya cika. A nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, mataki na uku, na biyu, na ɗaya, domin kamfani da kwangila takarda suke tambaya.

Hajiyar Kasuwar Barci:
Sannunku da ƙoƙari. Akanta, wannan asusun naka marar kati na ma'aikata ne. Mu mata da 'yan kasuwa adashi muka sani, kuma yana aiki, saboda kunyar uwar adashi ta fi ƙarfin son zuciya. Mutum goma, zubin N30,000, kwasa N300,000. Abin lura uku ne. Kada ya wuce wata goma zuwa sha biyu, don mai kwasar ƙarshe shi ke shan tashin farashi. A san abin da za a saya kafin ranar kwasa, a biya shi a ranar, kuɗin kada su kwana a ɗaki. Kuma kada a shiga adashi biyu da niyyar a riƙa zuba ɗaya da kwasar ɗaya, nan ne ake shiga rigima.

Ga mai sana'ar cikin gida, abin da ke cinye ta shi ne uwa da riba a jaka ɗaya. A samu littafi: abin da aka saro, abin da aka sayar, wanda ya ci bashi. Ki yanka wa kanki albashi daga riba, cefane daga nan zai fita. Bashin da kika bayar kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na jarin, in ya wuce a rufe sai an biya.

Uwa mai 'ya'ya mata ta fara kayan ɗaki tun yarinya tana sakandare, amma da abin da ba ya tsufa: tukwane, kwanuka, zannuwan gado. Gado da kujeru da kayan wuta a bar su sai an sa rana, yayi yana wucewa. Ko a sayi ɗan kunne ko zobe na zinare a ajiye, da rasit da nauyinsa a rubuce. A dai sani ranar sayarwa ba a mayar da kuɗin ƙira, saboda haka ajiyar shekaru ce, ba ta wata shida ba.

Akanta na Malali:
Hajiya ban musa ba, adashi na wata goma ya yi. Inda nake ja shi ne ajiyar shekara uku zuwa sama. Wanda ba ya son kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa harka da shi, Jaiz da TAJ da Lotus, akwai kuma Sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, ana shiga da N10,000 idan an buɗe. Mai niyyar Hajji ya duba tsarin adashin gata na hukumar alhazai NAHCON. Kujerar da ba ta kai miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025, to wannan buri ne da dole a riƙa sake masa lissafi duk shekara. Mai sana'ar kansa kuma zai iya buɗe asusun fansho na masu ƙananan sana'o'i, tun 2019 aka fara shi.

Abu ɗaya nake roƙo: duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya, ka gudu. Irin waɗannan harkokin zuba kuɗi na intanet, MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma masu gaggawar cika buri su suka fi faɗawa.

Malam na Tudun Wada:
A sa zakka a lissafi. Kuɗi ko zinare ko kayan sayarwa idan sun kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinare, suka shekara, kashi biyu da rabi cikin ɗari ake fitarwa, ko da an ajiye su ne don gini.

Injiniyan Kawo:
Tunda gida shi ne burin mafi yawanmu, bari in daɗe a kansa. Fuloti na ƙa'ida ƙafa 50 ne a 100. Kafin ka biya ko sisi, ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, a bincika maka filin: na wa ne, yana cikin shimfiɗar gwamnati, an ba wani, ko an ware shi don hanya ko makaranta. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani amma ba ta isa ba, domin a dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, shaidar mallaka daga can take fitowa. Ka je ka ga filin da idonka a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Filin da ya yi kyau a Janairu yana iya zama tafki da damina, musamman wuraren da ke kusa da Kogin Kaduna da rafukan da ke zuba cikinsa. A guji ƙarƙashin babbar wayar wuta, da kan bututun mai, da gefen layin dogo, komai arhar wurin. Sannan a kai zane KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, a karɓi izinin gini. Mun ga rusau a garin nan, ba sai an ba kowa labari ba.

Ginin kuma a yanka shi gida-gida yadda kowane mataki zai iya tsayawa shekara bai lalace ba. Na farko fandisho har zuwa daɓen kankare. Na biyu bulo har linta. Na uku rufi. Na huɗu ƙofofi da tagogi, sannan filasta da waya da famfo. Wurin da bai kamata a tsaya ba shi ne bayan an ɗora katako ba a buga kwano ba, damina ɗaya za ta murɗe shi. Kada a hau rufi sai kuɗin katako da kwano da kafinta sun cika a hannu.

Lissafin bulo ba wuya. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 10. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12, tsayin mita 3, idan an cire ƙofa da taga, kimanin bulo 400 ne. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 na inci tara ba. Masu buga 45 ko 50 da buhu ɗaya su ne bulonsu ke marmashewa a hannu. A shayar da bulo ruwa aƙalla kwana bakwai.

Game da maganar Akanta ta mayar da kuɗi kaya, a kula: ba kowane kaya ake ajiyewa ba. Siminti idan ya wuce wata uku, balle da damina, yana daskarewa ƙarfinsa ya ragu. A mayar da shi bulo, bulon kuma a ɗora shi a gini, don na jibge a fili ana ɗiba. Rodi da kwano suna ajiyuwa idan akwai wuri mai rufi da makulli.

Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi: a zana gidan gaba ɗaya, amma a fara kammala ɗaki biyu da banɗaki da kicin a tare. Kuɗin hayar da aka huta biya shi zai ƙarasa sauran.

Hajiyar Kasuwar Barci:
Injiniya, a nan zan ɗan saɓa maka. Ɗan kasuwar da jarinsa bai tsaya da ƙafarsa ba, ya kwashe ya zuba a fandisho, ya kashe kazar da ke masa ƙwai. Gini daga riba ake yinsa. Idan shago bai kai ya ciyar da gida ya kuma bar rara wata shida a jere ba, a ci gaba da haya tukuna.

Injiniyan Kawo:
Haka ne Hajiya, ga ɗan kasuwa na yarda. Ma'aikaci mai albashi ne nake cewa kada ya jira.

Wani Manomi daga Rigachikun:
A ƙara da hatsi cikin kayan da ake yi wa kallon ajiya. An saba a sayi masara da kaka a Saminaka ko Giwa a fitar da damina. Ba kullum ake ci ba, a 2025 farashi ya faɗo, waɗanda suka ajiye da tsada sun yi asara. Na cin gida na shekara a saya da kaka, wannan ba asara a cikinsa. A tabbatar ya bushe sarai, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki a ɗaure kowace dabam, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Anti Malama ta Unguwar Rimi:
Masu son komawa karatu, ku ƙirga daga baya. Ana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Wanda bai cika ba, shekararsa ta farko ta gyaran takarda ce, akwai WAEC da NECO na masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Rajistar JAMB a farkon shekara ake yi kuma sai da lambar NIN, saboda haka duk wani saɓani na suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da sakamakon jarrabawa a gyara shi tun kafin Disamba, yana cin lokaci. A Kaduna Polytechnic ƙaramar difloma shekara biyu ce, sai shekarar sanin makamar aiki, sai babbar difloma shekara biyu, biyar ke nan cif. Mai NCE ko difloma da sakamako mai kyau zai iya neman shiga aji biyu kai tsaye a KASU ko ABU. Mai aiki ko matar aure da ba za ta iya zaman aji ba ta duba NOUN, jami'ar karatu daga gida, malaman makaranta kuma ga NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, nan hedikwatarta a garinmu. Lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 na makarantun gwamnati ne kuma ba ruwa a kansa, amma bashi ne, za a biya.

Matar aure ta zauna da maigida tun kafin sayen fom: wa zai riƙe yara ranar lacca, kuɗin mota daga ina, lokacin jarrabawa yaya girki zai kasance. Yawancin masu ajiye karatu a aji biyu ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, wannan zaman ne ba a yi ba.

Sista ta Badarawa:
Ku sa lafiya a takardar don Allah. Duk wanda ya kai 40 ya riƙa auna hawan jini, idan yana kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai ya ga likita, ya kuma auna sukari ko sau ɗaya a shekara. Tafiyar minti 30 kwana biyar a mako. Iyali su yi rajistar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. Masu shirin aure su yi gwajin jini tun kafin magana ta je gaban manya, AS da AS kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na sikila.

Ɗan Rigasa:
To na karɓa. Amma an sha rubutawa a Janairu, kafin Maris an manta inda takardar take. Yaya ake riƙewa?

Akanta na Malali:
Saboda shekara ta yi nisa, ƙanena. Kowane buri a sauko da shi zuwa abin da za a yi a wannan makon, da rana da wuri: "Litinin ƙarfe goma zan je KADGIS da kwafin takardar", "Asabar bayan la'asar zan je wurin oga a yi maganar koyo". Duk Juma'a da dare minti goma, a duba an yi ko ba a yi ba. Duk wata uku a sake tambayo farashi a gyara adadi. Idan abu ya sha tsallake mako uku a jere, ko dai ya yi girma a sake yanka shi, ko kuma dama ba burinka ba ne a cire.

Kuma a zana watanni goma sha biyu a sa manyan hidimomi a gurbinsu: kuɗin makaranta na Satumba da Janairu da bayan hutun Afrilu, watan biyan haya, azumi, ƙaramar salla, layya. A tuna azumi da salla suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka a duba kalanda, kada a bi ta bara. A waɗannan watannin a rage zubin buri tun daga tsari, a ƙara a watannin da ba hidima.

Ɗan Rigasa:
A faɗa wa mutane ko a yi shiru?

Hajiyar Kasuwar Barci:
Mutum biyu sun isa, ɗana. Abokin zama, domin da shi za a yi tsimin, sai wani babba guda da kake jin nauyinsa wanda zai riƙa tambayarka ina aka kwana. Sauran su gani idan an buga kwano.

Shugaban Zaure:
Injiniya, ana tambaya ta bayan fage: wanda ya riga ya sayi fili da takardar mai unguwa kawai, ya makara?

Injiniyan Kawo:
Bai makara ba. Ya haɗa takardar ciniki mai sa hannun shaidu, da shaidar wanda ya sayar masa, da katin shaidarsa da hotuna, ya je KADGIS da kansa ya nemi a bincika filin a kuma faɗa masa abin da ake buƙata don rajista. Ya biya ta hanyar da ofis ya nuna, ya karɓi rasit, kada ya miƙa wa ɗan tsakiya kuɗi a waje. Kafin sakamako ya fito, ya kafa duwatsun iyaka a kusurwa huɗu a gaban maƙwabta, amma kada ya zuba fandisho.